Mai Kiran Gauraki

A wani zamani an yi wani mutum a bakin tafki, wanda gauraki biyu, mata da miji, suka saba da shi. In ya yi fito sai su sauko su yi rawa, baƙi su yi kallo su ba shi tukuici.

Ran nan wani baƙo ya zo a kan doki da bindiga, ya ce, "Malam, kira mini su, dokin nan ya zama naka."

Mutumin ya dubi doki, ya yi fito. Suka sauko, baƙo ya harbe namijin.

Tun daga ranar macen ke kewaya tafkin tana kuka. In ya yi fito ba ta saukowa. 'Yan kallo suka ɗauke ƙafa.

Matarsa ta ce, "Huta da bakinka, maigida. Ko ni ce, ba zan sauko ba."