Fatar Mushe a Idon Sifirin

Rana ta yi ja a bayan gidajen Wurno, kaji sun fara neman makwanci, lokacin da Kaltume ta ajiye wa mijinta Mainasara tuwon dawa. 'Yarsu Sabuwa, mai shekara goma sha ɗaya, ta kawo ruwan wanke hannu. Buɗe akushin ke da wuya wani wari ya bugi hancinsa, warin abin da ya kwana huɗu yana kumbura a rana. Ya duba miya, miya lafiya lau. Sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida, wata ta biyo ta, alhali ba kowa bayan katanga. Daga ƙofar gida kuma, inda motarsa ke tsaye a kashe, aka ji dogon nishi irin na saniya.

Mainasara ya gane warin, shi ya sa ya ture akushin gefe.

Zamanin Turawa ne. A soja ya koyo tuƙi, ya dawo ya sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya yana jigilar albasa tsakanin Goronyo, Wurno da Rabah. Kwanakin baya motar ta ishe shi da ƙara: ko wace gargada ta hau, sai ƙwal-ƙwal daga baya ta hagu. Wajen sauraron ƙarfe kam ba a raina shi. Ya danna bayan motar ya saki, ya kasa kunne. Ya ɗaure notocin da ke riƙe da sifirin, jerin ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota, ƙara na nan. Ya kwance shokozoba, mai tare girgizar mota, ya ja ta da hannu, tana da ƙarfinta. Sai da ya ɗaga motar da jak, ya zura ƙarfe a idon sifirin, ramin da ƙusa ke ratsawa a ƙarshensa, ya girgiza, ya ga robar ciki ta cinye, ƙarfe ke dukan ƙarfe. Robar kuwa babu ita ko a Sakkwato, sai an jira kaya daga Ikko.

A hanyar Rabah ya tarar da mushen wata farar saniya a gindin tsamiya, ciki ya cika fam. Ungulaye na zaune a reshe, ba wadda ta sauka. Mai hankali in ya ga ungulu ta ƙi nama, gaba yake yi. Shi kuwa gwanin dabara sai ya naɗe hanci da rawani, ya yanko fata daga gadon bayanta, ko bisimilla babu. Ya nannaɗe ta, ya doka ta cikin idon sifirin da guduma, ruwan ruɓa na tsiyaya masa har gwiwar hannu. Ƙara ta mutu, ya yi kwana biyu yana cika baki a tasha.

Magariba uku a jere warin na dawowa da jifa. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta. A ta ukun Sabuwa ta faɗi, ta tashi da rarrafe, yawu na dalala, tana nishin nan na ƙofar gida. Kaltume ta yaye mata zane ta ga gadon bayanta ya saɓule, jan nama tsawon taƙi guda, ƙudaje har sun same shi.

"Mi kay yi, Mainasara?" ta tambaya. "Hwaɗa mini mi kay yi."

Kunya da ƙyamar kansa suka rufe shi. Ya faɗa mata.

Washegari da la'asar sakaliya ya ɗauko Malam Mode daga Lahodu, tsohon malami da ya san sha'anin mutanen ɓoye. Malam ya ƙi shiga motar, a kan jakinsa ya zo. Ya sa aka zaunar da yarinyar, ya zuba turare a garwashi, ya daɗe yana karatu a kanta har inuwa ta cinye tsakar gida. Can bakin Sabuwa ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Malam, bar ƙona ni. Ba ni anka zalunta ba?" 

"Wa ke magana?"

"Mai saniya. Wurinku mushe ta, wurinmu tana kiwo da ɗan maraƙinta. Wanga ƙazami ya here mata baya, ko wane rami yah hwaɗa sai ta yi kuka. Hwata yad ɗauka, hwata nika ɗauka."

"Ɗiyag ga ba ta yanki kowa ba," in ji Malam. "Za a maido miki abinki, ki maido nata."

"Shi hiddo ta da hannunai, ba da ƙarhe ba."

Mainasara ya ɗaga motar, ya zare ƙusar sifirin, ya kwanta a ƙarƙashi. Fatar ta narke ta zama baƙin kunu, tsutsa na motsi a ciki. Da yatsu ya yi ta ƙwaƙulo ta yana zubawa a sakaina, tana ɗiga masa a gemu. Sau biyu ya juya ya yi amai, ya koma. Ya kawo sakainar ya ajiye gaban 'yarsa.

Tsohuwar ta shinshina. "Ba ta cika ba. Hanya ta ci rabi. Ni riƙe rabin bayan ɗiyar."

"Ba ki riƙe ko ƙwaya," Malam ya ce, ya ɗaga muryar karatu.

"Tsaya, tsaya. To, hannun da yay yanka shi riƙe warin, har kabari."

Malam ya dubi Mainasara. Mainasara ya dubi jan naman nan da ƙudajen da ke kai.

"Na yarda," ya ce.

Sabuwa ta yi atishawa sau uku ta kife. Warin ya ɗauke daga gidan. Kafin a kira isha'i ciwon ya daina ruwa, Malam ya ce da safe a binne sakainar a gindin tsamiyar. Mainasara ya wanke hannu da toka, da sabulun salo, da kananzir, har fata ta yi zafi.

Yana dawowa yarinyar ta buɗe ido. "Baba," ta ce a hankali.

Ya durƙusa da hawaye, ya miƙa hannu zai shafa kanta. Ta yamutsa fuska, ta kau da kai, ta ɓoye hanci a zanen uwarta. Ya janye hannun, ya koma bakin zaure ya zauna, daga can yake tambayarta ko za ta sha ruwa.