Alli a Jikin Tanki

Da Insfekta ya iso filin gwangwan, ƙarar guduma ba ta tsaya ba. Ga mutum kwance an rufa masa tamfol, amma can gefe wasu na ta kwance ƙofofin wata bas kamar ba abin da ya faru. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai.

"Ku ajiye gudumar nan," in ji shi. "Ƙarfe ba guduwa zai yi ba."

Mamacin Mai Gas ake ce masa. Shi ke yanka gangar jikin motoci da wuta bayan an cire duk abin da zai sayu. Tankin man wata tsohuwar bas ne ya fashe masa a fuska.

Mai filin yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kilo ake kiransa, don duk abin da ya kalla nauyinsa yake fara tambaya.

"Ranka ya daɗe, dokarmu a nan ɗaya ce," in ji Kilo yana share ido. "Baba Mai Wanki ya zubar da ragowar mai, ya wanke tanki da ruwa da sabulu, ya yi masa alama da alli. Ƙanena ba ya kai wuta sai ya ga alli."

"Wannan akwai alli?"

"Akwai. Tsohon nan ne ya shafa bai wanke ba. Da idona na gan shi."

Tuni ma ya damƙa tsohon a hannun Kofur. Matar mamacin na tsaye a bayan motar 'yan sanda tana zazzaga masa Allah ya isa, shi kuwa yana zaune a ciki, kansa a sunkuye.

Insfekta ya tsuguna gaban tankin. A gefen da wuta ba ta ci ba, ga alamar nan ɓaro-ɓaro, ruwan ɗorawa. Notin da ake kwancewa a zubar da mai kuwa ya haɗe da tsatsa, ba alamar sifana ta taɓa shi.

Ya zaga wurin wanki. Ƙasa a bushe ƙayau, durom ba ko ɗigo. Ya murɗa famfo, iska kawai ta fito.

Ya sa aka sauko da tsohon daga motar 'yan sandan.

"Baba, da me ka yi wanki yau?"

"Ban yi ba, ɗana. Tun jiya aka ɗauke ruwa. Na ce wa Oga kada a taɓa tankin nan, sai ya aike ni in kai wa wani bakanike lagireto."

"Ƙarya yake," in ji Kilo. "Ban aike shi ko'ina ba."

"Ina allinka, Baba?"

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da guntun farin alli.

Insfekta ya tura Sajan wurin bakaniken, shi kuma ya nufi ƙofar fili, inda wata babbar motar masu narka ƙarfe ke tsaye, direbanta na fifita da kwali.

"Me kake jira?"

"Cikon kaya. Na ce zan tafi wani filin, Kilo ya riƙe ni, wai bas ɗaya ta rage, yanzu za a yanka."

Sajan ya dawo da labarin cewa tsohon ya yini a garejin bakaniken ana gwada lagireto, labarin fashewar ma a can ya same shi.

Sai Insfekta ya ce Kilo ya raka shi wurin sikeli. A kan ƙarafan da aka auna an rubuta nauyin kowanne da alli ruwan ɗorawa. Ga guntunsa a bakin sikelin.

"Wa ke awo a nan?"

"Ni. Ba na yarda kowa ya taɓa sikelina."

"Na ga alama. Buɗe hannunka."

Kilo ya ƙi. Sajan ya kama hannun ya buɗe. Tsakanin yatsun duk ruwan ɗorawa ne.

Matar mamacin ta matso a hankali.

"Yaya, kai ne?"

Kilo bai dube ta ba. Sikelin yake kallo.

"Bas ɗin nan ta shekara nawa a ajiye," in ji shi. "Na girgiza tankin ban ji komai ba. Na sha yin haka, ba a taɓa samun matsala ba. Direban nan ne zai tafi."

"Ka san da ƙanenka ya ga tanki ba alli, ba zai yanka ba?" in ji Insfekta.

"Na sani. Taurin kai gare shi tun yana yaro."

Takaici ya kama Insfekta. Ya ga masu kisa iri-iri, amma bai taɓa jin wanda ya kira taka-tsantsan ɗin mamaci taurin kai ba.

Sajan ya sa wa Kilo ankwa, aka sa shi a kujerar da tsohon ya tashi daga kai. Kafin a rufe ƙofa ya leƙo ya ce wa ma'aikatansa kada su bar direban ya tafi ba kaya.

Matar ta durƙusa gaban tsohon tana kuka.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, 'yata. Ba ki sani ba ne."

Insfekta ya ce masa yana iya tafiya gida, amma tsohon bai motsa ba. Tamfol ɗin yake kallo.

"Ni na koya masa ya yarda da alli," in ji shi. "In likita ya gama, don Allah ku bar ni in yi masa wanka. Daga gidana zan ɗebo ruwan."