Jagorar Kwamena

"Ke ce Araba?"

Muryar dattijuwa ce mai kaushi, ƙanshin bandar kifi na tashi daga jikinta. Araba ta tsaya cak a ƙofar ɗakin karatu, ta ƙara damƙe farar sandarta.

"Ni ce, Maame."

"To ni ce uwar Kwamena! Karatu na turo ɗana jami'a, ba jan makauniya ba! Ki fita harkarsa!"

Can gefe wata ta yi 'yar dariya. Araba ta gane ta sarai. Ekuwa ce, 'yar ajinsu Kwamena, wadda ta daɗe tana kai masa abinci yana mayar mata. Ashe ita ta kai gulmar har garinsu Elmina...

Jami'a ce fa ta haɗa su. Kowane sabon ɗalibi akan ba shi wani babba ya riƙa duba shi, Araba kuwa tana shekarar ƙarshe. Aka ba ta Kwamena, ɗan masunta da ya shigo da girmansa, Turanci na yi masa gardama, yaran aji na yi masa dariya. Ita ta zaunar da shi yana karanta mata darasi da ƙarfi tana gyara masa, har bakinsa ya buɗe. Ba ta san ranar da muryar nan ta shige mata zuciya ba.

Da yamma Kwamena ya zo yana haki.

"Araba tawa, don Allah ki yafe mata..."

"Gobe zan ce a ba ka wani jagoran."

"Me?! Ni ke nake so!"

"Mahaifiyarka ce, Kwamena. Ba zan shiga tsakaninku ba."

Ta kuwa cika maganarta. Yana kira ba ta ɗauka, sai ta kifa kai a filo ta yi ta kuka.

Haka aka yi jarrabawa aka gama.

Ranar bikin yaye su, tana tsaye cikin rigar kammalawa, wani hannu mai kanta ya kama nata.

"Ni ce kuma," in ji dattijuwar, murya ƙasa ƙasa.

Araba ta juyo wajen muryar.

"Kwamena ya faɗa min komai. Wai ya taɓa haɗa kayansa zai koma kwale-kwale, kika zauna kan akwatin kika ce sai dai ya ɗauke ku tare. Haka aka yi?"

"Haka ne, Maame..."

"Teku ce ta cinye min ubansa. Ko gawarsa ban gani ba. Da yaron nan ya dawo..." Ta ƙara riƙe hannun Araba. "Na zage ki a gaban jama'a, 'yata. A gaban jama'a nake roƙon ki."

Araba ta ji dattijuwar tana neman durƙusawa, ta yi sauri ta tare ta, suka rungume juna suna hawaye.

Dattijuwar ta share fuska, ta ɗaga murya. "Kai kuma sakarai, fito daga bayan bishiyar nan!"

Takunsa ya matso a hankali.

"Araba... kawunnaina za su zo gidanku. In kin amince."

"Sakamakonka fa?"

"Na cinye duka, wallahi!"

Ta yi murmushi, ta miƙa masa hannu.

"To ka ce su zo da wuri. Babana ba ya son jira."