Wayar da Ta San Ubangidanta

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Harbi ɗaya sama, rufin kasuwar waya ya amsa. Masu shaguna ko gama ɗaga ƙofofi ba su yi ba. Oga, shugaban 'yan fashin, ya tsaya a bakin babban shagon da bindiga, yaransa Kwalba da Direba suna jidar kwalaye zuwa cikin bas. Maigadi ya kai hannu ga sandarsa. Harbi na biyu ba sama ya tafi ba.

A gefen shagon akwai ɗan teburin matar da 'yan kasuwa ke kira Injiniya. Sana'arta buɗe waya. Wadda kamfani ya ɗaure ta da layi ɗaya, ta kwance ta. Wadda aka cusa wa manhajojin da ba sa goguwa, ta share su, muddin mai ita ya zo da rasit. Yanzu tana ƙarƙashin teburin, ta lulluɓe jaririnta da jikinta.

"Ke ce mai buɗewa?" in ji Oga. "Taso. Ɗauko kwamfutarki."

"Ina da goyo."

"Ba goyon na ce ki ɗauko ba."

Ta tura yaron hannun maƙwabciyarta mai sayar da caja. "Yaya, bai sha nono ba tun asuba. Don Allah kar a ba shi ruwa, bai isa ba tukuna."

Kwalba ya fizge ta. Ƙofar bas ta rufe, gam!

Sai da jinin maigadi ya fara bushewa 'yan sanda suka iso. Sufeto ya sauko yana murza ido, ya tarar da mai shagon yana zuba.

"Da ita aka haɗa baki, ranka ya daɗe! Na sha faɗa, mai buɗe waya ɓarawo ne mai tebur."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," in ji mai caja, tana jijjiga yaron da ke tsala kuka. "Wace uwa ce ke tafiya fashi ta bar ɗanta da yunwa?"

Sufeto ya juya ga yaransa. Ya ce a kira masa kamfanin da ke da wayoyin.

Wani kango ne a bayan gari, babu ƙyauren ƙofa babu na taga, sai bulo da kashin awaki. 'Yan fashin suka jibge kwalayen a ɗakin tsakiya. Oga ya farke ɗaya ya jefa mata waya.

"Fara."

Ta juya ta, ta karanta lambar bayanta, ta ajiye a hankali. "Oga, waɗannan ba a sayar da su ba. Har yanzu suna rajistar kamfani. Duk wadda aka kunna, kafin ta nuna maka komai sai ta gaya musu inda take."

"Waya tana hannuna ki ce ba tawa ba ce?"

"Wanda ya saya da guminsa ma ba a sakar masa ita ba, balle kai."

Kwalba ya tuntsire da dariya. "Wallahi gaskiyarta, Oga. Tawa da na saya, halal ɗina, gilashi kawai na canza a bakin titi. Tun ranar 'yar banzar ta daina gane yatsana."

"Rufe mini baki, mashayi." Oga ya ɗora mata bakin bindiga a kafaɗa. "Ba ke ce gwana ba?"

"Tsofaffi nake buɗewa. Na masu ɗinki da na lebura, masu son sa layi mai sauƙi. Waɗannan sai an zare musu wani abu a ciki tun suna kashe, ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwanaki ne, kuma rabi za su mutu."

"To kin samu wurin kwana. Kar wanda ya kunna ko ɗaya!"

Ta zauna a kan bulo ta fara kwance sukurori. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe. Ta ja mayafi ta rufe.

Tun shigowarsu Direba yake sauraron kowace kalma. Ya tashi ya gyara jerin kwalayen, ya daɗe a bayansu.

"Oga, mai ya yi ƙasa. Bari in cika kafin a tare hanya."

"Yi sauri. Ka taho da sigari."

Ƙarar bas ta yi nisa. Injiniya ta sunkuya neman sukurun da ya faɗi, sai ta ga haske yana leƙowa ta ƙasan kwalin ƙarshe. Waya a kunne. Ta dubi Oga, ta dubi bindigarsa. Ta ɗauki sukurunta, ta matsa da bulonta can kusurwa inda bango ya fi kauri, ta ci gaba da aiki.

Rana ta take. Kwalba na gyangyaɗi. Oga ya leƙa waje, ya dawo, ya sake leƙawa.

"Kai, ina jakar kuɗin da muka kwaso a durowar Alhaji?"

"Tana mota."

"Uban wa ya ce a bar ta a..."

"Kun shiga hannu! Ku fito hannu sama!" Muryar 'yan sanda ce daga waje.

Oga ya saki wuta ta taga. Aka mayar masa — ta gaba, ta baya, ta sama! Bulo na tarwatsewa. Injiniya ta kwanta rub da ciki, ta toshe kunnuwa tana salati. Kwalba ya jefar da tasa bindigar yana ihu, "Na tuba! Ni ɗauko ni aka yi!" Oga ya nufi katanga. Ƙafa ɗaya ya ɗora.

Daga nan shiru, sai ƙura.

Maigadi ya bar mata da 'ya'ya. Oga ya tafi a bayan motar 'yan sanda, an rufe shi da buhu. Kwalba zai tsufa a gidan yari. Direba har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Wayoyin kuwa sun koma shago a kwalayensu, sai 'yan ƙalilan da ta kwance.

Ita aka zaunar a benci a ofishin 'yan sanda har la'asar. Kwalba ya rantse ba ta cikinsu, amma mai shago ya kafe, kuma an ga manhajojin buɗe waya a kwamfutarta. Aka ɗaure kwamfutar da igiya aka kai ɗakin shaida, aka ce daga yau babu sauran wannan sana'a a kasuwar.

Mijinta ya shigo da yaron, wanda muryarsa ta dishe don kuka. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta juya wa 'yan sanda baya ta ba shi nono. Ya kama da ƙarfi har sai da ta runtse ido.

"Sannu, babana. Sannu. Na dawo."

Sufeto ya jira har yaron ya yi barci, ya ce tana iya tafiya. Ya rako su bakin ƙofa, ya waiga hagu da dama, ya zaro waya daga aljihu.

"Malama, tawa ce, ga rasit ma. Na gama biya tuntuni, amma ta ƙi karɓar wani layi. Ko za ki ɗan duba mini?"

Ta gyara goyonta, ta ɗaure zanin da kyau.

"Ranka ya daɗe, abin dubawar yana ɗakinku. Kai ka sa hannu aka kulle shi."