Tukunya Mai Jan Zare

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini mana, ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa, to ga ta ta iso.

A Sevran suka fara ganin juna, can bayan Paris, ranar wani suna. Lif ɗin benen ta lalace kamar yadda ta saba, ga Shafa'atu tsaye a ƙasa da ƙatuwar kular dambu da ta ɗauko tun daga Lyon, tana kallon matakala kamar za ta yi kuka. Sai ga wani dogon saurayi da kwandon tuffa a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ɗora kular a kan kwandon, ya kama hawa. Ta ce ya tsaya ya huta, ya ce in ya ajiye shi ke nan, sai dai mai jego ta sauko ta ci a nan. Ta yi dariya har ta rufe baki da gyale. Da suka kai sama ya zaɓi tuffa mafi ja ya miƙa mata, idonsa a ƙasa.

Sunansa Moctar, ɗan Tahoua, maraya ne gaba da baya. A Italiya yake zaune, wani ƙauye a gindin duwatsu kusa da Saluzzo, cikin gidan wasu tsofaffi, Ettore da matarsa Pierina, yana kula musu da gonar tuffa. Allah bai ba su haihuwa ba. Nonna yake ce wa tsohuwar, wato kaka. Ita kuwa Shafa'atu 'yar Alhaji Maikano ce, mutumin Damagaram, mai butik, wato shagon kayan abinci, a unguwar Guillotière ta Lyon.

Daga nan waya ta ɗauki zafi. In ya fita gona da safe sai ya rubuta:

"Tuffata, kin tashi lafiya? Yau ƙanƙara ta sauka daga kan rufi. Nonna ta buɗe tagogi duka, ta ce gidan ya sha iska. Ni kam hannuwana sun daskare, sai na tuna ki sannan su saki."

Ita kuma tana cikin jirgin metiro ta mayar:

"Manomina, ka sa safar hannun da na aiko maka. In ka bari sanyi ya cinye maka yatsu, wa zai ɗaukar mini kula?"

Da maganar ta kai kunnen Alhaji bai yi faɗa ba, ba mai faɗa ba ne. Ya dai ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da babu wanda ya san shi. Ga Rachidou nan mai tura motoci Kotonu, kullum Asabar yana butik yana gaisuwa, an san uwarsa an san ubansa. Shafa'atu ta durƙusa ta ce ita ba ta son Rachidou. Alhaji ya ce ba zai yi mata dole ba, amma shi ma ba za a yi masa ba. Za a je a yi bincike yadda iyaye suka gada, abin da aka dawo da shi a kansa zai tsaya. Ya tura surukinsa Soumaïla, ƙanen matarsa Hajiya, wanda Shafa'atu ke ce wa Kawu, a Sevran yake zaune.

Watan Maris ne, sanyi ya fara sakin ƙasa. Itatuwa sun fara toho, dole a gama yi musu askin rassa kafin su yi fure, ga Ettore kwance, ya faɗi ya karya ƙugu. Moctar kaɗai ke gonar. Kwatsam sai ga baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, wani ƙaton mutum cikin doguwar kwat ya fito.

Kun san kunyarmu. Moctar bai taɓa gaya wa Nonna yana neman wata ba, ina zai iya? Yana ganinsa ya gane Kawu ne, don ya san shi tun ranar sunan, sai ya jefar da almakashi, ya tuɓe takalmi a kan taɓo mai sanyi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, muryarsa ta koma ciki. Nonna tana kallo ta taga. Ta ja Moctar gefe ta tambaye shi wane ne wannan, ya ce baƙo ne kawai daga Faransa. Ta kawo abinci, yaron da ke share faranti biyu ya ƙi ko kallon cokali, ya sulale ya koma gona. Ai ba a cin abinci gaban suruki.

To ita tsohuwa ta taɓa ganin masu manyan motoci da ke zuwa ƙauyuka suna riƙe yaran Afirka, suna juya su yadda suka ga dama. Tana jin Faransanci kaɗan, ta yi aikin girki a Chambéry ta Faransa tana budurwa. Sai Kawu ya gyara zama ya fara tambaya, shi ma bai faɗi abin da ya kawo shi ba, don mai bincike ba ya faɗi. Ina yaron yake kwana? Da wa yake yawo? Yana shan wani abu? Yana da kowa a ƙasar nan?

Nonna ta miƙe. Ta ɗauko muciyar da take tuƙa polenta, tuwon masararsu, ta kwance kare.

"Ba shi da kowa sai ni," ta ce, "kuma ba za ku ɗauke shi ba. Fita!"

Kawu ya bar hularsa a kan tebur. Kafin Moctar ya rugo daga gona, motar ta kai kwalta.

A Lyon Kawu ya ba da rahoto yana huci. Yaro yana zaune da kare a ɗaki, ga cinyar alade a rataye a kicin, ga wata tsohuwar Baturiya ta mallake shi, kuma yana ji yana gani aka kori babba da muciya. Alhaji ya ce magana ta ƙare, kada a sake ambatar sunan a gidansa.

Shafa'atu ta daina cin abinci. Tana auna wa mutane gero hawaye na zuba a kan sikeli. Ta roƙi Hajiya, Hajiya ta ce ƙanenta aka wulaƙanta, da wane baki za ta yi magana? Ta je har Sevran ta durƙusa wa Kawu, ya ce ta tashi ta koma. Rachidou kuwa ya ƙara yawan gaisuwa, har da turare. A jirgin dawowa ta rubuta:

"Moctar, na ƙwanƙwasa kowace ƙofa, babu wadda ta buɗe. Ka zo ko da yini ɗaya ne ka ba su haƙuri. Ba zan auri wani ba, amma ba zan aure ka Baba yana fushi ba. Ka zo, na gaji."

Ya mayar mata:

"Tuffata, in na bar gonar nan yanzu, shekarar tsofaffin nan ta mutu, kuma babu mai ɗaga Ettore in zai kewaya. In kuma na zo, da wa zan zo? Ba ni da uba ba ni da baffa. Saurayi ba ya nema wa kansa aure. Ban san abin da zan yi ba, wallahi ban sani ba."

Ta karanta ta kashe wayar. Ya kira, ya sake kira, shiru.

Nonna ce ta same shi zaune a gindin bishiya, almakashi a ƙasa, yana kuka kamar yaro. Ta zauna kusa da shi ta ƙi tashi sai da ya faɗa mata komai: yarinyar, binciken, tsugunon, da dalilin ƙin cin abincin. Tsohuwa ta dafe kai. Ta ce wace irin ƙasa ce inda girmamawa take kama da tsoro? Ta tambaya wa ke zuwa neman aure a wajensu. Ya ce manyan gidan yaro. Ta miƙe ta shiga gida.

Ranar Asabar butik ɗin Alhaji cike, Kawu ya zo daga Paris, Rachidou na gefe. Sai ga wata 'yar guntuwar tsohuwa da baƙar kwat da jaka niƙi-niƙi. Kawu na ganinta ya koma bayan buhunan shinkafa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tuɓe takalmi, ta kama kanta tana lanƙwasa gwiwoyi suna ƙara, har ta tsuguna a gaban Alhaji, ta sunkuyar da kai, daidai yadda ta ga Moctar ya yi.

Alhaji ya yi tsalle daga kujera. Sa'ar mahaifiyarsa ce a ƙasa! Ya ce don Allah Madam ta tashi, ta ce ba ta iyawa sai an ɗaga ta. Shafa'atu ce ta rugo ta kama ta. Tsohuwa ta kalli fuskarta ta ce, "Ashe ke ce."

Ta buɗe jaka ta miƙa wa Kawu hularsa, a wanke a goge. Sannan ta fito da wata tukunya da jan zare ɗaure a hannunta. Ta ce tun makon da Moctar ya shigo gidanta ta saye ta, alade bai taɓa ta ba, giya ba ta taɓa ta ba, shi ya sa ta ɗaura zaren kada ta manta. Ta ce ɗakin da yake salla kare ba ya shiga. Ta ce shi ke ɗaukar mijinta a baya, shi ke yi masa aski.

"Alaji," ta ce, "ni ce manyan gidansa. Na kori ɗan'uwanka don na zaci cutar da yarona zai yi. In wani ya sake zuwa haka, zan sake kora. 'Yarka ma in ta shigo gidana, haka zan tsare ta."

Alhaji ya juya tukunyar a hannu, ya taɓa zaren da ya koɗe don wanki. Ya kalli Kawu.

"Soumaïla, ashe ka gama binciken, fassara shi ne ba ka yi ba."

Kawu ya sa hularsa ya ce shi dai a ɗaure karen. Da Alhaji ya ce to ai mace ba ta karɓar aure, wa zai zama wakilin yaro, Kawu ya yi gyaran murya ya ce wanda ya sha muciyar gida ai ya zama ɗan gida, shi zai karɓa masa.

Shafa'atu ta shige bayan kanta, ta kunna waya:

"Manomina, ka gama askin itatuwanka a tsanake. Nonna ta buɗe ƙofar."

An ɗaura aure a Lyon bayan Salla, lokacin da gonar ta yi fari fat da fure. Alhaji ya sa musu albarka, Hajiya ta yi kuka ta yi guɗa. Rachidou ya zo ɗaurin aure, daga baya ya auri wata 'yar Maradi. Ettore ya tashi, yana takawa da sanda. Kawu yana zuwa ƙauyen duk kaka ya cika mota da tuffa, amma sai ya yi waya tukuna an ɗaure kare. Shafa'atu da Moctar suna zaune a saman gidan, Nonna ta koyi dambu, 'yarsu ta fari Amatullahi ake ce mata. Tukwanen kicin ɗin kuwa yanzu duk da jan zare suke. Allah ya bar su tare.