Layi na Biyu

Ran wata Laraba, bayan sallar magariba, Tayyiba ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin dogonyaron da ya sunkuyo kan katanga. 'Yarta Mahbuba ta ɗauko tsohuwar kwamfuta ta ajiye a kan kujerar tsuguno. Haka suke yi kullum tun rasuwar maigidan, Malam Sharafuddeen. Shekara uku ke nan ko huɗu, lissafin ya kuɓuce mini, amma sauran zancen yana nan daram.

Malam ne ya sayo kwamfutar a Birnin Konni. Tsari biyu ne a cikinta, kamar ɗaki biyu a gida ɗaya. In an kunna ta, sai baƙin allo ya fito da layi biyu, lamba tana sauka daga goma zuwa ɗaya. In ba a taɓa komai ba, sai ta shiga layin sama, ɓangaren ƙaninsa Mukhtari, wanda yake zuwa da ita shagonsa na bakin iyaka yana tura wa mutane fina-finai a waya. In an danna kibiyar ƙasa, sai a shiga ɓangaren Malam. A can ya ɗauki muryarsa yana karatu lokacin da ciwon ƙirji ya fara cinsa. Muryar nan ba ta ko'ina a duniya sai can.

Ran nan Mahbuba ta kunna. Babu baƙin allo, babu ƙirge. Kwamfutar ta zarce ɓangaren Mukhtari.

Tayyiba ta leƙa sashen da Mukhtari yake zaune a gidan. "Mukhtari, mi yas samu layin Malam?"

"Yaya, ɓoye shi kawai na yi. Jiran nan na ɓata mini lokaci gaban masu saye. Wallahi komi na nan. Juma'a in maido miki."

Ta yarda. Yana ɗan shekara bakwai aka kawo ta gidan, ita ta yi masa wanka, ita ta ɗinke masa wandon makaranta. Ba ta san yadda za ta zarge shi ba.

Kafin ta naɗe tabarma, tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Wata ta biyo. Aka duba lungu, babu kowa, sai ƙarar babura can nesa suna komawa Konni.

Washegari a daidai lokacin, jifar ta dawo. Daga cikin dogonyaro kuma wata murya mai kauri ta soma ƙirge a hankali: goma, tara, takwas. In ta kai ɗaya sai ta yi shiru, irin shirun mai jira a bakin ƙofa. Juma'a ta zo ta wuce, Mukhtari ya ce aiki ya yi masa yawa. Ran Asabar Mahbuba tana tankaɗe, rariya ta faɗi daga hannunta. Idanunta suka kafe. Ƙirgen ya bar itace ya dawo bakinta.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta gane uwarta ba. Aka aika ƙauyen Lafani a ɗauko Malam Maccido, tsoho mai ruƙiyya. Na san shi, mun yi karatu a zaure ɗaya, ko da yake sunan zauren ya ɓace mini.

Ya iso bayan la'asar. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya yi ta karatu har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sannan ya ce, "Bawan Allah, wane ne kai, kuma mi kaka so?"

Muryar da ta fito daga bakin Mahbuba ta tsoho ce. "Ni musulmi ne, Malam. Shekara talatin ina bisa itacen ga ina sauraren Sharafuddeen. Da ya rasu anka bar mini muryarshi. Yanzu an rufe ƙofa."

"Shi ya sa ka kama marainiya? Ka ji tsoron Allah."

"Na yi jifa, ba a ji ba. A buɗe ƙofa in fita."

Tayyiba ta gaya wa Malam Maccido zancen kwamfutar, ya sa aka kira Sahabi, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha. Ya zo ya zauna gaban kwamfutar. Ya shiga inda ake saita allon farko, ya nuna wa Tayyiba: an mai da lokacin jira sifili, an ce allon ya ɓuya. Ya goge sifili ya rubuta goma, ya ce allon ya bayyana, ya umarci kwamfutar ta sake neman duk tsarin da ke cikinta. Ya kashe ya kunna.

Baƙin allo ya fito. Lamba ta soma sauka. Layi ɗaya ne.

Sahabi ya sake dubawa, ya daɗe, sannan ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ba ɓoyewa anka yi ba. An share ɓangaren gaba ɗai, an cika wurin da fina-finai. Sun hau bisanshi. Ba ni iya maido komi."

Tayyiba ta juya ta dubi Mukhtari. Yana tsaye jikin bango, hularsa a hannu.

"Wuri ne ya ƙare mini, Yaya. Na ce in na samu dama..."

"Ka rantse mini," in ji ta. Muryarta ba ta ɗaga ba. "Da Allah ka rantse."

Mahbuba ta saki wani kuka mai tsawo wanda ba nata ba. Malam Maccido ya bari har ya lafa, sannan ya ce, "Ka ji. Kai ma an cuce ka, uwarta ma an cuce ta. Yarinya ba ta da laifi. Fita."

Aka ji ladan yana gyaran murya a masallacin unguwa.

"Na hardace karatunshi," in ji aljanin. "Har inda yake tsayawa ya yi tari. Zan karanta sau ɗaya da muryarshi, don ni da matarshi, in bar gidan ga har abada. Amma kada a ɗauka. Ba ni sake barin shi cikin ƙarfe. In anka ɗauka, ina nan."

Wayar Tayyiba tana cikin hannunta. Danna ɗaya, muryar mijinta ta dawo mata har ƙarshen ranta. Ta dubi wayar. Ta dubi laɓɓan 'yarta da suka bushe suka tsage. Ta miƙa wa Malam Maccido wayar, ya kashe ta ya sa a aljihu.

Sai Malam Sharafuddeen ya soma karatu daga bakin 'yarsa, a hankali, da jan nan nasa, da tarin a inda yake. Tayyiba ta rufe ido, ba ta yarda ta yi kuka ba don kada kukan ya danne mata ko harafi ɗaya. Da ya kai ƙarshe, Mahbuba ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido.

"Inna, ƙishirwa nike ji."

Mukhtari ya ruga ya ɗebo ruwa a randa, ya durƙusa gaban Tayyiba da moɗa a hannu. "Yaya, ki gafarta mini."

Ba ta karɓa ba. Ta tashi da kanta ta ɗebo wani, ta tallafo kan 'yarta ta shayar da ita. Sai da yarinyar ta ƙoshi sannan ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Sharewar, wata rana zan yafe. Rantsuwar, ka nemi Wanda ka rantse da shi."