Mai Gyara a Hanyar Waca

Bayan isha'i motar ta ƙi shiga giya a tsakiyar rairayin hanyar Waca. Tsohuwar a-kori-kura ce da yayana Rilwanu ya sa wa injin gazuwal, wato dizal, da hannunsa, shi kaɗai ya san halinta. Da damina muka binne shi, ya bar matarsa Saratu da ciki, ya bar ni da motar.

Na kifa kai a sitiyari ina hawaye, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Wani mutum ne, rawani ya rufe fuskarsa. Bai tambayi komai ba, ya shige ƙarƙashin motar. Ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya dakata yana saurare. Ƙamshin kafur ya danne warin mai.

"Taka kulocin sau biyu," in ji shi. "Ba ta son gaggawa."

Na taka, giya ta shiga sumul. Na sauko da tocila in yi godiya. Babu sawun kowa a yashin sai nawa.

Daga ƙarƙashin motar muryar ta sake fitowa, a hankali.

"Auta, Saratu ta sauka? Me aka samu?"